Poniran da Jadawalin Marigayi

Shekara ashirin da bakwai Poniran ya yi yana rabon ruwan noma a ƙauyenmu na Jatimulur da ke tsibirin Jawa, kuma ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce "ni na yi" ba. In ya yashe magudana, dagaci ne ya ba da umarni. In ya raba faɗa a bakin madatsa, Allah ne ya sanyaya zukata. Ni Warsini, mai buga takardun ofishin ƙauye, teburina na kallon nasa shekara goma sha tara, don haka ba wanda zai gaya mini mai yin aikin. Ya ba ni shekara takwas. Ina ce masa Kang, yana ce mini Dik, kamar wa da ƙanwa. Manya kuwa, namiji Pak muke ce masa, mace Bu, yaya mace kuma Yu.

Gajere ne, rana ta ƙona shi har ta gaji ta ƙyale shi. Ranar Litinin kaɗai yake sa kakin ma'aikata, shi ma hannun rigar ya rufe masa yatsu, takalmin kuma yana rataye a hannun babur, sai ya zo ƙofar ofis yake zura shi. Tun da likita ya hana shi taba yake yawo da karan sigarin kanumfari a bayan kunne, in ransa ya ɓaci ya ciro ya shinshina ya mayar. Ko hanya zai nuna maka, da babban yatsa yake nunawa, a ɗan rusune, yadda aka koya mana muna yara muka watsar. Kafin mu iso ofis shi ya riga ya taka magudana daga madatsa har ƙarshen gonaki ya dawo. Ya san gonar da ke riƙe ruwa da wadda ke zubarwa, ya kuma san manomin da zai rantse da Allah bai taɓa ƙofar ruwa ba alhali wandonsa a jiƙe yake.

Marigayi dagaci Pak Sastro ne ya tsamo shi daga cikin masu saran rake, yana maraya ɗan ashirin da 'yan kai, ba shi da ko taƙin ƙasar da zai dasa barkono. Ya damƙa masa ƙarfen murɗa ƙofofin ruwa, ya damƙa masa gonar muƙamin, rabin hekta ta shinkafa a gindin madatsa. A wajenmu gonar kujera take bi: ka hau ka noma, ka sauka ka girbe abin da ke tsaye ka fita. Da gonar nan ya yi aure, da ita ya reni 'ya'ya uku, bayan ita ba shi da ƙasa sai wadda gidansa ke kai. Takardar sakandare ma sai da furfura ta fito masa ya same ta a ajin manya.

Da damina ta ɗauke bara, takardu biyu suka zo ofis a mako guda. Ta farko daga gunduma: za a shafe babbar magudana da siminti a kafa injinan ban ruwa, kuma daga sabuwar shekara duk wanda zai riƙe ruwan ƙauye sai mai digiri, ko wanda ya riga ya shiga karatunsa. Ta biyu daga wata jami'a a babban birnin lardi: ma'aikatan ƙauye su kawo shaidar aikin da suka yi, a zauna da su a auna, abin da suka riga suka iya a yafe musu karatunsa, su gama digiri a shekara biyu maimakon huɗu. Wato cuta da maganinta a mota ɗaya suka iso.

Dagacinmu na yanzu, Pak Darmaji, ɗan marigayin ne. Ba mugu ba ne, amma yana da ƙanin mata mai suna Hendro, da digirinsa a jikin bango, yana zaune yana sayar da katin waya. Ba wanda ya ce komai a fili. Sai dai Hendro ya fara zuwa kamun kifi a madatsa, mutumin da ko kwaɗo ya gani sai ya ɗage ƙafa. Kowa ya gane inda aka dosa: in jami'a ba ta ɗauki Poniran ba, ƙarfe da gona sun tafi.

Mu biyar muka nema, har da ni, kuma ni na haɗa wa kowa fayil. Na mai kula da aure da jana'iza ya yi kauri kamar bulo. Nawa ma ba laifi, don duk takardar da na buga tun zuwana tana da ɗan layi a ƙasa: "Wadda ta shirya: Warsini." Na Poniran kuwa, kwana uku na yi ina zazzage kabad. Na samu sunansa sau ɗari da wani abu, duka a takardar halartar taro, inda ake sa hannu a karɓi kwalin soyayyen rogo da tempe, wainar waken soya. Ba rahoto, ba tsari, ba wasiƙa. In ka bi ta takarda, abin da mutumin nan ya yi wa Jatimulur a shekara ashirin da bakwai shi ne cin rogo.

Ga shi kuwa babban aikinsa yana rataye a bangon ofis cikin gilashi, an kuma rubuta shi da fenti a allon bakin madatsa: Jadawalin Ruwa na Pak Sastro.

A gabana aka yi shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, shekarar babban fari. Marigayi yana da rake a Unguwar Tudu, sai ya sa aka rufe ƙofar da ke kai ruwa Unguwar Gangare, wai na mako ɗaya. Mako ya zama uku. Shinkafar Gangare ta yi ja, ƙasa ta tsattsage har ɗan tsako na faɗawa ciki. Wata rana da hantsi maza kusan arba'in suka taso da laujuna suka nufo gidan dagaci. Poniran ya riga su isa gadar katako, wadda ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ya zauna a tsakiyarta ya ɗora ƙarfen a cinya. Ya ce su ba shi zuwa azahar, in ruwa bai je musu ba su fara da shi. Ya je ya buɗe ƙofar ba da iznin kowa ba. Ya shigo ofis da taɓo har gwiwa, ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa: wace unguwa, wace rana, ƙofa ta buɗu yatsa nawa. Sannan ya wanke ƙafa ya ɗauki takardar, na bi shi da hatimin ofis. Ya shiga barandar marigayi da rarrafe ya ce, "Pak, ga abin da ka umarce ni jiya in rubuto. Saura sa hannunka." Marigayi bai umarce shi da komai ba. Ya karanta, ya leƙa titi inda masu lauje ke tsaye, ya sa hannu. Shekara na zagayowa gunduma ta ba marigayi lambar yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar ba a sake zare lauje kan ruwa a ƙauyenmu ba.

Saura mako guda a rufe karɓar fayil na tare shi.

"Kang, zauna ka ba ni labarin shekarar fari in buga."

"Wane labari kuma, Dik? Ga shi can a bango."

"Bangon ne zai tafi jami'a, ko kai?"

Ya yi dariya, ya ciro sigarin ya shinshina. "Ki sa musu takardun taron. Ai sun nuna ba na fashi."

"Sun nuna ba ka fashin rogo. Mutanen nan cewa suka yi abin da ka yi da hannunka, da sunanka. In ba ka faɗa ba, Hendro zai noma gonarka da takalmi sau-ciki."

"Rage murya." Ya waiga ƙofar ofishin dagaci. "Mutumin nan yana kabari, ɗansa ga shi can. In na ce ni na yi jadawalin, sai sun tambaye ni me ya kawo shi. In na faɗi abin da ya kawo shi, na tono raken nan ke nan. Kin manta abin da manya suka ce? Babba, alherinsa a ɗaga shi bisa kafaɗa, laifinsa a binne shi da zurfi."

"An ce a binne laifinsa. Ba a ce ka shiga ramin tare da shi ba."

"Shi ya ba ni gonar, Dik."

"Kai kuma ka ba shi ransa ranar gada."

Ya ɗauki ƙarfensa ya ce za shi duba ƙofa ta uku, ƙofar da na san ya duba tun da safe. Haushi ya hana ni cin abincin rana. Mu Jawa mun iya kunya, amma tasa ta wuce kunya ta zama taurin kai mai ladabi, wanda ya fi kowane iri cin rai, don ba ka da inda za ka kama ka yi faɗa.

Washegari a kasuwa matarsa, Yu Lasmi, ta riƙe mini hannu a gaban mai barkono, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Dik, ya ce miki a'a, ko?"

"Ya ce."

"Na sani. Ni ma ya ce mini Allah ne mai ciyarwa. Na ce masa haka ne, amma shekara ashirin da bakwai ta gonar nan yake ciyar da mu." Ta ƙara matse hannuna. "Autarmu ko sakandare ba ta gama ba. Shi kuma ba zai iya komawa saran rake ba, bayansa ya tafi. Ke ce mai rubutu. Ba sai ya sani ba."

In na ce Yu Lasmi ce ta sa ni, na yi ƙarya. Tun kafin ta yi magana abin yana raina, ita dai abokiyar laifi ta ba ni. Na koma ofis na buga shafi biyu da bakinsa, kamar shi ke magana: na zauna a gada, na buɗe ƙofa, na tsara jadawali. Raken marigayi ma ban bar shi ba, don in babu shi labarin ba ya tsayuwa. Na cusa su a tsakiyar fayil tare da kwafin jadawalin, na miƙa masa shafin ƙarshe. Ya sa hannu yana yi mini hirar ɓerayen da suka addabi gonar wani. Tun da muka fara aiki tare, duk abin da na buga haka yake sa masa hannu, ba ya karantawa. Tunanina shi ne malaman birni za su karanta a birni, su ba shi maki, a wuce wurin.

Ranar ganawa aka tara mu a rumfar gunduma. Ginshiƙai ne da rufi, ba bango, duk abin da aka faɗa a tebur na kan benci suna ji. Muna isa na ga abin da ban yi tunaninsa ba: kowane tebur kujera uku ne. Ɗaya ta malamin jami'a, ɗaya ta mai nema, ɗaya ta dagacinsa, wai ya zauna ya shaida. Ina neman in ja Poniran gefe aka kira sunana. Tawa ganawar ban san me na faɗa ba. Wani matashin malami ya juya takarduna, ya ga sunana a ƙasan kowacce, ya yi ta gyaɗa kai, minti goma ya sallame ni. Kafin in miƙe an kira Poniran a tebur na gaba, Pak Darmaji ya ɗauki kofin shayinsa ya koma can. Na zauna a bencin da ke bayansu, ina ganin ƙeyar Poniran da gefen fuskar dagaci.

Malamar da ta same shi Bu Winarti ce, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, mai magana a hankali kamar wadda ba ta son ta tashi wani daga barci. Ta juya takardun taron ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan shafukana ta tsaya. Ta karanta a zuci, ta sake komawa farko.

"Pak Poniran, wannan kaɗai ya isa a yafe maka darasi uku. Bari in karanta, dagaci ya shaida mana."

Ta fara. Fari, rake, mako uku, laujuna. Da ta ambaci raken, kofin dagaci ya tsaya tsakanin tebur da bakinsa. Da ta zo kan rarrafe a baranda, ya ajiye shi a hankali. Dagatai goma sha biyu ne a rumfar nan, rabinsu sun ci abinci a gidan marigayi. Zufa ta jiƙa ƙeyar Poniran tana gangarawa cikin wuyan kaki. Bai waigo ya dube ni ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

"Haka aka yi, Pak?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sa hannunka ne wannan?"

"Nawa ne, Bu."

"To haka aka yi?"

Na yunƙura zan miƙe in ce ni na rubuta. Ya riga ni.

"A gafarce ni, Bu. Ƙarya na shirya. Na ga fayil ɗina ba nauyi, na zauna na ƙaga labari, na kai wa mai buga takardu. Ita ba ruwanta, abin da aka ba ta take bugawa. Jadawalin na marigayi ne. Kuma ba a taɓa rufe wa kowa ruwa saboda rake ba."

Na koma na zauna. A numfashi ɗaya ya wanke mamaci, ya wanke ni, ya kwaso dattin ya shafa a jikinsa.

Bu Winarti ta zare tabarau. "Ka san in na rubuta haka, ba faɗuwa kaɗai ka yi ba? Mai kawo shaidar ƙarya ba ya sake nema."

"Na sani, Bu."

Ba ta rubuta ba. Ta jawo kwafin jadawalin ta shimfiɗa a tebur.

"To bar maganar waye. Ni akwai abin da ya ɗaure mini kai a nan. Duk inda na je, jadawalin ruwa na kwana bakwai ne. Naku na kwana biyar ne, yana bin ranakun kasuwa. Unguwa huɗu, uku kowacce kwana ɗaya, sai Gangare, wadda ta fi kowa ƙanƙanta, an ba ta biyu a jere, Wage da Kliwon. Ina jin kuskure ne. In aka zo gyaran magudana zan ba da shawara a mayar da ita kwana ɗaya, a yi adalci."

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Mutumin da yanzu-yanzu ya kira kansa maƙaryaci a gaban dagatai goma sha biyu bai ko ɗaga kai ba, amma an taɓa ruwa.

"A'a, Bu, kada a yi haka." Ya matso da kujera. "Daga bayan maƙabarta zuwa gindin tsamiya magudanar yashi ce. Rabin yini take sha kafin ta bar ɗigo ya wuce. In kika ba Gangare kwana ɗaya, yashi kika shayar. Kwana na biyun ne nasu. Siminti ma ba zai kai can ba, na ga zanen, a maƙabarta ya tsaya."

"To me ya sa sai Wage? Me ya hana a fara musu ranar Legi?"

"Wage ce kasuwar shanu. Mazan Tudu duk suna can tun sassafe, ba mai jefa kututturen ayaba a magudana ya karkatar da ruwa. Kliwon kuma sun gaji. Wanda ya sayar yana barci, wanda bai sayar ba yana faɗa da matarsa." Aka yi 'yar dariya a benci, ta mutu nan take. "In kika ce Legi, sai kin ajiye mai gadi a kowace kwana."

Ta yi ta jan sa da tambaya kusan rabin awa. Yana bin takardar da babban yatsa, yana gaya mata yadda ake rage ƙofa in an yi dashe, yadda ake ƙarawa in shinkafa ta ɗauki ciki, da dalilin da ya sa ba a tura matashi ya rufe wa dattijo ruwa ko da ranarsa ta wuce. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Har na fara sa rai.

Daga ƙarshe ta mayar da tabarau. "Pak Poniran, shekara ashirin ina koyar da wannan abu, yau na ƙaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ba labarin rake nake nema ba, shafin nan zan iya cire shi in yaga. Abu ɗaya nake so in rubuta, kuma sai an faɗa mini da baki. Wa ya tsara jadawalin nan?"

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ita baƙuwa ce. Shafi dai an riga an karanta. Duk wanda ke rumfar nan ya san in Poniran ya ce shi ne, to raken ma gaskiya ne.

Sai ta juya wajen Pak Darmaji. "Ko dagaci zai taimaka mana?"

Pak Darmaji yana barandar marigayi ranar gada, shi ya miƙo wa ubansa biro. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya dubi cikin kofinsa kamar wanda ya yar da wani abu a ciki.

"Ni lokacin ina yaro, Bu. Abin da na sani, sunan mahaifina ne a allo."

Yaro, alhali a lokacin 'ya'yansa biyu. Na cije leɓe har na ji gishiri.

Poniran ya kai hannu bayan kunne. Ba komai a wurin, ya baro sigarin a gida don ladabi. Ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

"Marigayi ne, Bu. Ni ɗan aike ne."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta rubuta. Daga baya na ji ba "ƙarya" ta rubuta ba, "shaida ba ta isa ba" ta rubuta. Yana iya sake nema in an buɗe wani zagayen. Sai dai sabuwar shekara ba ta jiran zagaye.

Na cim masa a wurin ajiye babura yana kwance takalmi.

"Kang, ni ce na..."

"Tayar da babur ɗinki mu tafi, Dik. Hadari na haɗuwa."

Tsakiyar rani ne, sama fes. Tun daga ranar bai taɓa tayar mini da maganar ba. Washegari da gangan na ajiye masa takarda a tebur na tsaya ina kallo. Ya sa hannu bai karanta ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Garin gyaran gira na tsone masa ido, shi kuma ya ƙi ko da cewa wash.

Mu huɗu aka ɗauka. Kowace Asabar muna hawa mota zuwa birni, kuma ba zan ɓoye ba, karatun ya amfane mu. Mai kula da jana'iza yanzu shi ke tsara mana zaman shawarar ƙauye, har dagaci na shakkar tambayoyinsa. Amma duk sanda malami ya ce "ku da kuka san ƙauye ku gaya mana", sai in tuna Poniran in sunkuyar da kai.

Da sabuwar shekara aka yi ɗan biki a ofis, da tulin shinkafa rawaya da soyayyar kaza. Poniran ya miƙa wa Hendro ƙarfe da hannu biyu. Dagaci ya ba shi takardar godiya cikin gilashi, takarda ta farko da ta fita daga ofishinmu da sunansa da manyan baƙaƙe, kuma ni na buga ta. Bayan nan ya yi kwana uku yana zagayawa da Hendro bakin magudana yana nuna masa komai, ba wanda ya sa shi. A yi wa Hendro adalci, a rana ta biyu ya tuɓe takalmi. Allon madatsa kuwa dagaci ya sa an sake masa fenti.

Takardar darussan da aka yafe mana ta yi jinkiri, sai a makon da Poniran ke girbinsa na ƙarshe ta iso. Na buɗe tawa a tsaye. Rubutun ofis, an yafe. Adana takardu, an yafe. A layi na bakwai na tsaya: "Rabon ruwan noma da sasanta rikici a ƙauye, an yafe. Shaida: jadawalin ruwan Jatimulur. Wadda ta shirya: Warsini." A ƙasa malamin ya ƙara da biro cewa ranar Asabar in zo in yi wa 'yan ajinmu bayani a kansa, abin koyi ne.

Ban ko rufe ofis ba na nufi gindin madatsa. Shi da Yu Lasmi ne kaɗai a gonar, sun yanke rabi. Yu Lasmi ta gan ni ta ƙara sunkuyawa ta yi can ƙarshen gona, don ni da ita mun daina iya haɗa ido. Na tsaya a bakin iyaka na karanta masa layin. Fushi nake yi, kuma ban san da wa ba, da shi, da dagaci, ko da kaina.

Ya miƙe a hankali, hannu dafe da ƙugu. "Madalla. Ashe bai tafi a banza ba."

"Kang, zan rubuta musu in ce ba nawa ba ne."

"Ki ce na wa ne?"

Na dubi takardar.

"Sunanki ne a ƙasa, ke kika buga, ba ƙarya kika yi ba. Ki bar shi." Ya goge lauje a wando. "Asabar ɗin nan tambayoyi za su yi miki. Kin riƙe maganar yashin bayan maƙabarta?"

"Na riƙe."

"Ƙofa ta biyu fa? Yatsa nawa in shinkafa ta ɗauki ciki?"

Ban sani ba.

"Kin gani. Za ki ba mu kunya a birni. Juya takardar, kina da biro?"

Ya tsuguna a bakin iyakar, na tsuguna. Ya fara daga ƙofa ta farko. Kafin mu kai ta uku hawayena sun fara ɗiga a kan rubutun, ya ce in matsar da takardar, ta jami'a ce, kada ta jiƙe. Sannan ya ce in ɗan yi sauri, yana so su gama yankan kafin la'asar, don gobe Hendro zai shigo da injin huɗa.